A Bar Mini Gwiwar Dama

Kawu Babandi,
Unguwar Fulani, bayan masallacin Malam Zakiyyu,
Akurba, Lafia,
Jihar Nasarawa.
Litinin, 7 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga
Mai Girma Shugaban Likitoci,
Asibitin Ƙashi da Gaɓoɓi na Madogara,
Bukan Sidi, Lafia.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNANA DAGA JERIN MASU JIRAN TIYATA, DA RUBUTA CEWA NA ƘI MAGANI, ALHALI GWIWAR DAMA KAƊAI NA HANA A YANKA

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka. Ni ne mai suna a sama, Bafillace, makiyayi a da, shekarata sittin da huɗu. Katina yana ofishinku na ajiyar fayil. Ina gabatar da ƙorafi a kan abubuwan da ke ƙasa. Ba maganar kuɗi ba ce. Ban kuma kawo ƙarar kowa don a kore shi daga aiki ba.

Da hannuna na rubuta. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda na yi a Agyaragu ina saurayi. Inda aka ga kuskure a yi haƙuri. Na san akwai masu rubuta wa mutane takarda a bakin kotu. Ban je ba, domin sai na faɗa musu abin da ke ciki da bakina, kuma abin da ke ciki ban taɓa faɗa wa mai rai ba.

Ga asalin maganar, a taƙaice. A daminar 2019 wani bijimina ya fizge ni da igiya a gangaren rafi. Ƙafar hagu ta kafe a laka, jiki ya juya. Jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta tsinke. A watan Janairun 2020 aka yi mini tiyata a wani asibiti da ba naku ba, a wani gari. Sun tsaga gaban gwiwar, suka yanki tsakiyar jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, haɗe da guntun ƙashi a kowane baki. Suka huda ƙashin cinya da na ƙwauri, suka zura ta ciki, suka danne da ƙusa. Ta riƙe ni wajen shekara biyu. Daga nan ta saki. Ina cikin tafiya sai ƙafar ta zame daga ƙarƙashina kamar ba tawa ba. Shi ya kawo ni wurinku.

Yanzu ga ƙorafin.

1. Dokarku ta ɗan rakiya. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, na zo ganin likita a karon farko. A bakin ƙofa aka ce wanda ya haura sittin ba ya shiga sai da wani nasa. Matata Sailuba ta rasu a 2021. Ɗana Bahauddeen ya kora shanun zuwa can gefen Taraba tun lokacin da na kasa bin su. A Lafia 'yata ta fari kaɗai ta rage mini. Ba na kama sunanta, amma yana cikin fayil ɗinku. Tana da goyo a lokacin. Mijinta, Luƙman, mai tuƙa keke a Bukan Sidi, shi ya kawo ni. Surukina ne. Na ce ya tsaya a waje. Aka ce dole ya shiga, wai don ya fassara in likita ya yi Turanci. Likitan kuwa yana jin Hausa. Ta kasuwa ce, amma mun fahimci juna.

Ba wanda ya tambaye ni mene ne mutumin nan a wurina.

2. Ba ni da ƙorafi a kan hannun likitan da ya duba ni, Dakta Iorliam. Ina so a rubuta wannan a fili. Shi ya fara nuna mini hoton ƙashina ya yi mini bayani, abin da ba a yi mini ba a asibitin farko. Ya ce ramin da aka huda a ƙashin cinya ya yi tsaye da yawa, ba a mazaunin jijiyar asali aka yi shi ba. Jijiyar ta yi ta gugar bakin ramin har ramin ya faɗaɗa, ita kuma ta yi sako-sako. Ya ce ba za a sa sabuwa a tsohon rami ba, ba kuma za a huda sabo a gefensa ba tun da wuri, don kada su haɗe su zama kogo ɗaya. Aikin hawa biyu ne. Da farko a zare tsofaffin ƙusoshi, a ɗebo ƙashi daga ƙuguna a cike ramukan, a bari ya kama. Bayan watanni a sake huda a inda ya dace, a sa sabuwar jijiya, a ƙara wani ɗauri ta gefen waje don kada gwiwar ta murɗe.

Na gane. Turken da ya yi girgiɗi ba a mayar da shi raminsa. Sai an cike, an daddale, ƙasa ta kwanta. Na ce na yarda.

Ya zana mini a takarda wurare uku da ake iya samo jijiyar: bayan cinya, ko saman ƙoƙon gwiwa, ko gaban ɗaya gwiwar mai lafiya. Ya ce a wasu ƙasashe har ta mamaci ake sawa, amma babu wannan a nan. Na ce ko akwai ba na so, a bar wa mamaci kayansa. Ya ce zai zaɓa bayan ya duba ni.

Shi Tibi ne, ni Bafillace. Abokan wasa ne mu tun kakanni. Duk abin da ke faruwa a ƙauyuka bai hana mu riƙe wannan ba. Ina zama ya ce zai gyara mini ƙafar a madadin saniyar da kakanninsa suka cinye mana. Na ce saniyar nan ta haihu ta kuma haihu, gwiwa ɗaya ba ta biya. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Rabon da wani ya yi dariya a kan maganata, tun Sailuba tana raye.

3. Gwajin durƙuso. Wannan shi ne tushen komai, don haka ina roƙon a karanta shi a hankali.

A ranar nan aka sa na naɗe wando har cinya a gaban surukina. Na yi. Luƙman ɗan mutunci ne, ya juya fuskarsa ga bango. Amma yana ɗakin, kuma yana ji. Sai likita ya ce in durƙusa a ƙasa, a kan tayil, in sa nauyina a gwiwar hagu, daidai kan tabon aikin farko. Na durƙusa. Ya ce in ɗaga ta dama. Na ɗaga. Ya tsuguna yana kallon fuskata. Ya tambaya ko da zafi. Na ce babu. Ya sake tambaya. Na ce babu. Ya rubuta.

Ranka ya daɗe, ban san ko kai ɗan wace ƙabila ba ne, don haka zan yi bayani. A wurinmu namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya kwanciya a gabansa, ba ya cewa wayyo a gabansa. Mutumin da ka ba shi 'yarka, in ya ga fuskarka ta motsa don ciwo, ka rage mata daraja a gidansa. Haka aka raine ni. Na sha bulalar sharo ina saurayi, ina riƙe da madubi, ban ƙifta ba. Tayil ɗinku ba zai sa in ƙifta ba. Ba na nadamar abin da na yi. In aka sake sa ni a gabansa, haka zan sake yi.

Amma ba wanda ya faɗa mini cewa durƙuson nan shi ne dubawar da za a yi zaɓi da ita. Na ɗauka ƙarfin ƙafa ake gwadawa. Ashe so ake a ga ko yankan gaban gwiwa yana hana ni durƙuso. An ga bai hana ba. Sai aka yanke cewa gaban gwiwar dama za a yanka.

Da an bar ni da likitan mu biyu, da na faɗa masa. Ba a jin kunyar abokin wasa. Shi kaɗai ne a garin nan da zan iya faɗa wa, kuma ba a taɓa barina da shi ni kaɗai ba, ko sau ɗaya.

Tun da ba a bari na faɗa ba, zan rubuta. Akwai zafi. Tun aikin farko, duk lokacin da tabon nan ya taɓa ƙasa, kamar na ɗora shi a kan garwashi. Gefensa kuma ya mutu, ko ƙaya ta soke shi ba na ji. A ranar gwajin, da na tashi, ban ga ƙofar ɗakin ba sai da na lalubo ta. Tun 2020 ban sa gwiwar hagu a ƙasa a salla ba. Da ta dama nake sauka. Ita ke ɗaukar nauyina a sujada, ta hagu tana ɗan ɗage a ƙarƙashin riga, ba wanda ya lura. A zaman tahiya ma ita nake dogara da ita. Gwiwar dama ce ta rage mini da nake kai goshina ƙasa da ita.

4. An yi hawa na farko ranar Talata, 16 ga Janairu, 2024. Ya yi kyau. An ɗebi ƙashi a ƙuguna na hagu, an cike ramukan. Na bi duk abin da aka ce. Na riƙe sanduna biyu har aka ce in ajiye ɗaya. Na zo gashin ƙashi duk ranar da aka sa mini. A watan Yuni aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashin ya kama, ramukan sun toshe. Ya ce in sani yanzu babu jijiya ko kaɗan a cikin gwiwar, ko sako-sakon da take da shi a da an cire. Ya ce kada a daɗe ba a yi hawa na biyu ba, domin duk zamewar da ƙafar ta yi tana cin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, kuma in ya cinye, sabuwar jijiya ba ta da amfani. Da bakinsa ya faɗa. Luƙman shaida ne, tun da kullum yana nan.

5. Alamar da aka yi mini. An sa hawa na biyu ranar Talata, 23 ga Yuli. Aka ba ni gado ranar Litinin da rana. Bayan la'asar Sista Doose, wadda ke kula da ɗakin maza, ta zo da reza da alƙalami. Mace ce mai kirki, tana kirana Baba mai shanu. Ta aske gwiwar hagu. Sai ta ɗage mayafi ta kama ta dama, ta aske, ta zana kibiya a ƙasan ƙoƙon. Na ce ta yi kuskuren ƙafa. Ta ce ba kuskure, a nan za a ɗebo jijiyar. Ta ce yana cikin takardar da Luƙman ya sa hannu a madadina.

Takardar Turanci ce. An karanta masa, ba a karanta mini ba. Shi kuma ya ɗauka na sani, kuma ba zai zauna ya yi mini bayanin jikina ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ban ga laifinsa ba.

Na ce a kira likita. Ya zo da saurinsa. Ya yi bayani cewa jijiyar gaban gwiwa tana zuwa da guntun ƙashi, kuma ƙashi ya fi saurin kama ƙashi, musamman a ramin da aka taɓa cikewa. Ya ce ya zaɓe ta ne tun da ya ga irin wannan yankan bai dame ni ba a hagu. Ya tambayi dalilina. Luƙman yana tsaye a ƙarshen gado riƙe da butata. Majinyata na gadaje na kusa suna saurare. Na ce ban yarda ba. Ya ce in faɗi dalili kawai. Na ce ban yarda ba. Ya yi mini wasan saniya, ban amsa ba. Na ga ransa ya ɓaci. Ya ce an shirya kayan aiki don wannan hanyar, kuma akwai masu jira a bayana. Ya tafi.

Ya yi tambaya daidai. A inda ya yi ta ne ba daidai ba.

6. Washegari da safe aka sallame ni. Wani ma'aikaci a ofishin fayil, ban san sunansa ba, ya rubuta da jan biro a bangon katina. Na sa an karanta mini daga baya. Wai majinyaci ya ƙi magani, an cire shi daga jeri.

Wannan ba gaskiya ba ne. Mutumin da ya bari aka sassaƙi ƙugunsa bai ƙi magani ba. Abu ɗaya na hana.

Tawadar kibiyar nan ta daɗe a fatata. Na wanke da sabulu, na goge da toka, ba ta fita ba sai da ta ga dama. Duk alwala ina ganin ta.

7. Na dawo sau biyu ni kaɗai, ranar 6 ga Agusta da ranar 3 ga Satumba, duka ranakun ganin likitan ƙashi. Na hau keken wani da ban sani ba don kada labari ya kai gidan 'yata. A karon farko aka ce ba ɗan rakiya, ba shiga. Na ce ɗan rakiyar ne matsalar. Mai gadi ya yi dariya, ya ce tsofaffi da rigima. A karo na biyu aka ce wanda katinsa ke da jan biro sai ya kawo sabuwar takarda daga wani asibiti, ya fara daga farko. Na zauna a bencin waje har aka kira azahar. Na hango Dakta Iorliam ta taga ya wuce da koren kaya. Ban ɗaga murya ba. Ba a raine ni da kiran mutum daga nesa ba. Na yi sallata a gindin bishiyar darbejiya da ke bakin ƙofarku, na koma gida.

8. Abin da wannan ya jawo mini. Ba na son rubuta shi, amma ofis ba ya aiki da abin da ba a rubuta ba.

Tun da muka zauna a Akurba wurina a masallacin Malam Zakiyyu sananne ne: sahun farko, hannun dama, kusa da taga. Ko na makara ana bar mini shi. A tsakiyar watan Agusta, a sallar la'asar, ina tasowa daga sujada ta biyu sai ƙafar hagu ta zame. Na faɗi a kan mutumin da ke gefena. Sahu ya karye. An ƙarasa salla. Na tashi da kaina, ban karɓi hannun kowa ba.

Da na zo magariba sai na tarar da kujerar roba, fara, a wurina. An aro ta daga gidan masu bayar da hayar kujerun biki, har da lamba a bayanta. Da kyakkyawar niyya aka kawo. Na tsaya a bakin ƙofa na dube ta. Na juya.

Na san addini ya yi rangwame. Malam Zakiyyu ya zo har gida ya karanta mini cewa mara lafiya yana iya salla a zaune, ladansa cikakke. Ban musa ba. Ya fi ni sani. Wanda ba shi da yadda zai yi, ya zauna, Allah ya karɓa. Ni ina da yadda zan yi. Ina da gwiwa ɗaya mai kai ni ƙasa, kuma akwai likitan da ya ce ɗayar tana gyaruwa. Ban kai ga kujera ba. In aka yanki gaban ta dama ta zama kamar ta hagu, to na kai, kuma ba dawowa.

Tun ranar nan a ɗaki nake salla, a kan buzuna, kusa da bango don in dafa. Lasifikar masallaci tana shigowa har tsakar gidana. Ina jin muryar kowa a amin, ina gane su ɗaya bayan ɗaya. Da farko suna biyowa bayan salla su gaishe ni. Yanzu sun rage, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda ya zo ba ya samun hira a wurina. Ban iya ta ba. Sailuba ce mai hira, ni nawa saurare.

A bayan gidana turaku suna nan a kafe, babu ko maraƙi. Ban cire su ba. Da safe ina fita in tsaya a wurin, ba don komai ba, sai don lokacin tatsa ne kuma jikina bai manta ba.

'Yata tana kawo abinci ranar Juma'a. Tana ajiyewa, ta gaishe ni daga bakin ƙofa, ta tafi. Ta aiko maƙwabciya ta faɗa mini cewa taurin kai ne ya sa na watsar da aikin da aka sha wahala a kansa, kuma na kunyata mijinta a gaban likitoci. Ban ba da amsa ba. Amsar ita ce abin da na rubuta a lamba ta uku, kuma ba zan faɗa wa 'yar fari wannan ba. Luƙman bai sake taka gidana ba. Na san ba fushi ba ne. Ya ga cinyata, ya ga an sallame ni, bai san inda zai sa idonsa ba. Bahauddeen yana bugo waya in ya samu sabis a daji. Yana tambayar ƙafa, in ce lafiya, in tambayi shanu.

Dokar da kuka kafa don kada tsoho ya zama shi kaɗai, ita ta bar ni ni kaɗai.

9. Na ji a bencin nan na waje, daga bakin wata ma'aikaciyarku, cewa Dakta Iorliam zai bar aiki a ƙarshen shekara ya tafi ƙasar waje, kuma babu wani a asibitin da ke yin aikin jijiya karo na biyu. Ban san gaskiyar wannan ba. In gaskiya ne, to lokaci ya ƙure. Shi ya cike ramukan, shi ya san inda ya bar su. Ƙafar kuma tana zamewa kusan kullum yanzu, har a tsakar gida, kuma ta fara ƙara a ciki idan na taka, abin da ba ta yi a da.

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon ofishinka mai daraja da ya yi waɗannan:

Na ɗaya, a soke jan biron da ke kan katina, a mayar da sunana cikin jeri a inda yake.

Na biyu, a ba ni ranar ganin Dakta Iorliam ni da shi kaɗai, ƙofa a rufe, ba ɗan rakiya, ba mai fassara. In doka ta ce sai da shaida, Sista Doose ta isa. Ita ma Tibi ce. Likitan ya sake sa ni durƙuso a kan tayil ɗin nan. A wannan karon zai ga abin da yake nema.

Na uku, a bar mini gwiwar dama. A ɗebi jijiyar a bayan cinyar hagu, ko a saman ƙoƙonta, kamar yadda ya zana mini da hannunsa. Ƙafar da ta riga ta lalace, a ci gaba da cin ta. Ba koya masa aiki nake ba. In ya ce waɗannan ba su kai waccan ƙarfi ba, na yarda da mai rauni. Ba zan sake bin bijimi a gangare ba. Daga gidana zuwa masallaci ne, da sauka, da tashi. In kuma ya duba ya ce ba ta yiwuwa sam, ya faɗa mini a fuskata bayan ya ji dalilina. Zan karɓa.

Na huɗu, ranar tiyata in ana bukatar sa hannu, a karanta mini da Hausa, in sa da kaina. Ga shi kun ga ina iyawa.

Na biyar, a riƙa tambayar tsoho a bakin ƙofa, a asirce, ko wanda ya rako shi mutum ne da zai iya magana a gabansa. Ba ni kaɗai ne Bafillace da ke zuwa wurinku ba.

Na shida, kuma ina roƙon a kula da wannan ƙwarai. Kada a sa takardar nan a cikin fayil ɗina. A asibitinku ɗan rakiya ake miƙa wa fayil ya kai daga ofis zuwa ofis, kuma Luƙman ya iya karatun Hausa. Kai ka karanta, likita ya karanta, a kulle ta a durowarka ko a ƙone.

Amsa a aiko ta hannun Malam Zakiyyu, a rufe. Ba ya buɗe abin da ba nasa ba. Ina gida kullum, ba inda nake zuwa.

Jiya ya aiko cewa kujerar tana nan a wurina, ba wanda ke zama a kanta, ba wanda ya matsar da ita, ana jirana. Ranka ya daɗe, abin da nake nema a wurinka bai wuce wannan ba: in shiga masallacin nan da ƙafata, in ɗauke kujerar da hannuna, in ajiye ta a waje, in tsaya a wurin.

Allah ya ƙara wa kujerarka daraja, ya ba ka ikon yin adalci. Ina jiran amsa cikin ladabi da biyayya.

Naka mai girmamawa,

Kawu Babandi
Akurba, Lafia.